CIWON DIDDIGE: DALILANSA DA YADDA ZA A BI DA SHI

Darasi don jama'ar ƙasar Kankiya da Kusada

An shirya wannan ɗan littafi ne domin manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da matan aure na ƙasar Kankiya da ta Kusada, da kuma malaman makaranta da ɗaliban kiwon lafiya waɗanda za su karanta wa jama'a shi. Abin da za mu yi magana a kansa shi ne ciwon nan da ke kama ƙarƙashin diddige, watau dunduniya, daidai wurin da ke fara taɓa ƙasa in mutum ya taka.

Mutane su kan raina wannan ciwo, gama galibi ba ya kwantar da mutum, kuma in an duba ƙafar sau da yawa ba a ganin kome. Amma manomin da ƙafarsa ta ƙi taka ƙasa a watan Yuni ko Yuli, har ya rasa huɗa da noman firi, to, rumbunsa ne zai nuna asarar da kaka. Haka kuma akwai wanda ya raina ɗan ciwo a diddige, ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa.

Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe shi ne, ciwon diddige sunansa ɗaya, amma dalilansa suna da yawa. Abin da zai amfani wani zai iya cutar da wani. Saboda haka kafin ka nemi magani, ka fara sanin irin naka.

1. YADDA ƘAFA TA GINU

Ƙafar ɗan Adam, daga idon sawu zuwa kan yatsu, tana da ƙasusuwa 26. Mafi girma a cikinsu shi ne ƙashin diddige. Waɗannan ƙasusuwa a jere su ke, sun tanƙware kamar baka. In ka jiƙa ƙafarka ka taka busasshen daɓe, za ka ga sawun diddige da na gindin yatsu da na gefen waje sun fito, amma tsakiya ta wajen ciki ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan wuri shi ne cikin bakan.

Ko wane maharbi ya sani baka ba ya zama a tanƙware sai da tsirkiya. To, ita ma ƙafa tana da tata. Wata jijiya ce fara, mai faɗi, mai tauri kamar kiri. Ta kafu a ƙarƙashin ƙashin diddige, ta miƙe ta bi tafin ƙafa, sa'an nan ta rabu biyar, ko wane reshe ya tafi gindin yatsa guda. A bakin likitoci sunanta filanta fashiya, amma a cikin wannan littafi za mu riƙa ce mata tsirkiyar ƙafa. Kana iya taɓa ta. Zauna ka kama babban yatsan ƙafarka ka tanƙwaro shi sama, ka shafa tafin ƙafar da ɗaya hannun, za ka ji ta miƙe sanɗal a ƙarƙashin fata. A 1954 wani likita a Ingila mai suna Hicks ya bayyana aikinta. Ya nuna cewa duk sa'ad da mutum ya ɗaga diddige zai yi gaba, yatsu su kan lanƙwashe, tsirkiyar ta ɗaure tamau, bakan ya ƙara tashi, ƙafa ta yi ƙarfi ta tura jiki gaba.

Tsakanin ƙashin diddige da fata kuma akwai wani matashi na kitse, kaurinsa ya fi rabin inci, an rarraba shi ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma. Shi ne ke shanye bugun ƙasa. Ta baya kuwa ga agara, wadda ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin diddige. In naman sha-raɓa ya ɗaure, agara ta kan ja diddige ta baya, tsirkiya kuma ta sha wahala ta ƙasa.

Dubi yawan aikin da wannan ɗan wuri ke yi. Mutum ya kan yi taku kamar 1,300 a kilomita guda. Wanda ya tafi kasuwa mai nisan kilomita 5 ya komo ya yi taku 13,000 ke nan. Ko wane diddige ya bugi ƙasa sau 6,500, ko wane bugu kuwa da nauyin jiki duka, har da na kayan da ke bisa kai.

2. GAJIYAR TSIRKIYA

Wannan shi ne babban dalili. Cikin manyan mutanen da ke kukan ciwon ƙarƙashin diddige, mafi yawa abin da ke damunsu ke nan. Likitoci sun ƙiyasta cewa kamar mutum ɗaya cikin goma zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, maza da mata.

Igiyar guga ba ta tsinkewa rana ɗaya. Zare-zare ta ke sakuwa a wurin da ta ke gogar bakin rijiya. Haka tsirkiyar ƙafa ta ke. In ja ya yi mata yawa, sai ta riƙa 'yan ƙananan yagewa waɗanda ido ba ya gani, daidai inda ta kafu a jikin ƙashi. Jiki ya kan gyara su in an huta. Amma in ɓarnar yau ta fi gyaran daren jiya, kwana da kwanaki, sai wurin ya yi kauri, ya rasa ƙarfinsa, ya soma ciwo.

Ga alamunsa:

(a) Ciwon ya fi tsanani a takun farko na safe. Mutum ya tashi zai yi alwalar Asuba, da ya sa ƙafa ƙasa sai ya ji kamar ya taka ƙusa. Dalili kuwa, cikin barci ƙafa ta kan saki, tsirkiya ta taƙure, takun farko sai ya fizge ta.

(b) In an yi 'yar tafiya kaɗan sai ya lafa.

(c) Ya kan komo in mutum ya daɗe a zaune sa'an nan ya miƙe, kamar wanda ya sauko daga mota bayan tafiya daga Kankiya zuwa Kano. Ya kan kuma komo da maraice bayan doguwar tsayuwa.

(d) In an danna da babban yatsa a ƙarƙashin diddige, ɗan gaba kaɗan, ta gefen ciki, za a sami wuri guda mai zafi ƙwarai.

(e) Ba kumburi, ba ja, ba zazzaɓi.

Me ke jawo shi? Na farko, doguwar tsayuwa a wuri mai tauri. Kakanninmu sun fi taka rairayi da ƙasa mai laushi, mu kuwa yanzu daɓen siminti da tayil da kwalta mu ke yini a kai. Malamin makaranta a gaban allo, da mai shago, da mai gadi, da ma'aikacin asibiti, da matar da ke surfe da daka a tsakar gida mai siminti, duk suna cikin wannan.

Na biyu, aikin da aka afka masa farat ɗaya. Manomin da ya yi rani yana zaune a gindin itace, ruwan shuka na sauka ya yini yana bin garmar shanu cikin kunya, ya ɗora wa tsirkiyarsa abin da ba ta shirya masa ba. Haka alhazai. Tsakanin Safa da Marwa kamar mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, duk a kan daɓen dutse. Dattijon da bai saba tafiya ba, in Allah ya kira shi, ya kamata ya fara taka ƙasa kullum tun watanni kafin tashi.

Na uku, nauyi. Ƙiba na cikin manyan dalilai, haka juna biyu, haka kuma kaya masu nauyi irin na 'yan dako da 'yan garuwa da masu ɗaukar itace.

Na huɗu, takalmi. Silifas ɗin da ya cinye har ya zama kamar ganye, da faden da ba shi da kome sai fata guda mai tauri, ba sa tare wa diddige bugun ƙasa.

Na biyar, halitta. Wanda tafin ƙafarsa ya shimfiɗe sarai, da wanda bakansa ya cika tashi, da wanda naman sha-raɓarsa ya ɗaure, sun fi saurin kamuwa.

3. ƘAYAR ƘASHI

Sau da yawa in an ɗauki hoton ƙashi a kan ga wani ɗan tsini ya fito daga ƙarƙashin ƙashin diddige, ya nufi wajen yatsu, kamar ƙaya. Mai ciwo in ya gan shi sai hankalinsa ya tashi, ya ce ga abin da ke sukarsa, a cire masa. To, a sani wannan tsini a kwance ya ke, bai dubi ƙasa ba. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, waɗansu kuma suna fama da ciwo ba su da shi. Waɗanda suka warke, in an sake ɗaukar hoto, tsinin na nan inda ya ke. Saboda haka ba safai likita ke yanka don cire shi ba.

4. SIRANCEWAR MATASHI

Da shekaru suka ja, matashin kitsen nan ya kan sirance, ya rasa laushinsa, har ƙashi ya kusa taka ƙasa. Wannan ya fi samun tsofaffi. Bambancinsa da gajiyar tsirkiya shi ne, ciwon a tsakiyar diddige ya ke, kamar na wanda aka buga da sanda, ya fi tashi in an taka wuri mai tauri ba takalmi, kuma tafiya ƙara shi ta ke yi. Maganinsa takalmi mai taushi wanda ya rungume diddige. Yaro ko babba kuma, in ya taka dutse ko kututturen kara da ƙarfi, matashin ya kan ƙuje ta ciki. Wannan ya kan warke da kansa in an huta.

5. ƘAYA DA FASO

Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce. Ga aduwa, ga bagaruwa, ga magarya da farar ƙaya, ga tsidau a kan hanya, ban da ƙusa da fasasshiyar kwalba a cikin gari. A kan cire ƙaya a ga kamar ta fita, alhali tsininta ya karye a ciki. Fatar diddige kuwa mai kauri ce, sai ta rufe a kansa. Alamarsa, wuri guda ne ke suka ko da yaushe aka taka, safe ko maraice. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kan kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, har kaluluwa ta fito a matsematsi.

Akwai haɗari biyu da ya wajaba a sani. Na ɗaya shi ne ciwon sarƙewar haƙora. Ƙwayarsa a cikin ƙasa da takin dabbobi ta ke, kuma ta fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin na ƙaya da ƙusa. Ciwo ne mai kisa, amma allurar rigakafi na hana shi. Duk wanda ƙusa ko ƙaya ta shige shi da zurfi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi ɗakin shan magani a ran nan, ya faɗi ko an taɓa yi masa allurar.

Na biyu wani ciwo ne da likitoci ke kira maisitoma, ko ƙafar Madura, don a wajen garin Madura na ƙasar Indiya aka fara bayyana shi a littattafan likitanci. Ya fi yawa a ƙasashe masu ƙarancin ruwa da yawan ƙaya, kamar Sudan da Cadi da Nijar da Mali da Sanagal, kuma ya fi kama manoma da makiyaya masu tafiya ba takalmi. Ƙwayarsa ta kan bi ƙaya ta shiga. Sai wani ɗan kumburi mai tauri ya fito, ba ya cika zafi, yana girma a hankali wata da watanni, har shekaru. Daga baya ya huje wuri-wuri, yana fid da ruwa mai 'yan ƙwayoyi kamar tsabar gero, baƙaƙe ko farare ko jajaye. In an bar shi ya kan ci ƙashi. A 1991 an kafa cibiya ta musamman don bincikensa a Khartum, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. In an kama shi da wuri ana ceton ƙafar.

Faso kuwa kowa ya san shi. Da hunturu fatar diddige ta kan bushe ta yi kaushi, nauyin jiki ya tsaga ta, wani lokaci har jini. A jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi da dare, a goge kaushin a hankali da dutse, a shafa man kaɗanya ko basilin, a sa safa. Kada a yanke kaushi da reza, kada kuma a cusa baƙin man mota a cikin tsagar.

Dattawa za su tuna da kurkunu, wanda ya kan fito a ƙafa da damina ya hana mutum noma. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu shi a Nijeriya. An ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Saboda haka wanda ya ga kumburi a ƙafarsa yau, kada ya zauna jiran tsutsa ta fito, ya tafi a duba shi.

6. ƘASHI

Ƙashin diddige ya kan fashe in mutum ya faɗo daga bisa itace ko gini ya dira a kan ƙafafunsa. Wannan ba ya ɓuya, gama ƙafar za ta kumbura nan da nan, ba ta takuwa. Aikin asibiti ne, don fashewar ta kan shiga cikin gaɓa, kuma wanda ya faɗo haka ya kamata a duba ƙashin bayansa ma.

Akwai kuma tsagewa siririya kamar gashi, wadda ke zuwa a hankali saboda yawan tafiya ko gudu da ba a saba ba. Ta kan sami sababbin sojoji da 'yan sanda a wajen horo, da tsofaffin da ƙashinsu ya yi rauni. In an matse diddigen ta gefe biyu da tafin hannu sai ya yi zafi, kuma ciwon ƙaruwa ya ke yi da tafiya.

Yara masu shekara 8 zuwa 14, musamman masu ƙwallo, su kan yi kukan diddige bayan wasa. Ƙashinsu bai gama haɗewa ba, agara kuwa na jan wurin da ya ke girma. Wani likita a Amurka mai suna Sever ya bayyana wannan a 1912. A rage wa yaron gudu, a sa masa takalmi mai taushi, zai bari da kansa. Amma yaron da diddigensa ya kumbura, ga zazzaɓi, ya ƙi taka ƙasa sam, balle in mai sikila ne, to, ana tsoron ƙwayar cuta ta shiga ƙashi. A kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

7. JIJIYOYIN JI

Ban da tsirkiya da agara, akwai waɗansu jijiyoyi sirara masu kai labarin zafi da sanyi da taɓawa daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. In ɗayarsu ta matse a bayan idon sawu, ko can a ƙashin baya, mutum ya kan ji raɗaɗi kamar wuta, ko tsira kamar ta allura, ko kamar kiyashi na bin ƙafarsa. Irin wannan ya kan tashi ko da mutum na kwance. In daga baya ne, zafin ya kan biyo cinya da sha-raɓa ya sauko.

A nan ne ya wajaba mu ja kunnen masu ciwon sukari. Wannan ciwo, in ya daɗe, ya kan lalata jijiyoyin ji na ƙafafu biyu. Da fari a ji zafi da tsira, musamman da dare. Daga baya ƙafar ta daina jin kome, mai ita ya yi murna ya ce ya warke, alhali haɗarin yanzu ya fara. Zai taka ƙaya bai sani ba. Zai taka rairayi mai zafi da bazara, ko ya kara ƙafa a kaskon wuta da ɗari, ta ƙone bai ji ba. Rauninsa kuwa ba ya saurin warkewa, ɗan faso sai ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi. Saboda haka mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa ko wace rana, in idonsa ba ya gani sosai ya sa ɗansa ko matarsa su duba. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ya zazzage takalminsa kafin ya sa. Kada ya gasa ƙafa da ruwan zafi.

Kuturta ma ta kan kashe jin ƙafa, ta kawo gyambo a diddige. Alamarta ta fari tabo ne a fata mai ɗan haske wanda ba ya jin taɓawa. A yau ana warkewa daga gare ta sarai da magani na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta a ke ba da shi a duniya duka. Asibitin Babbar Ruga kusa da birnin Katsina ya daɗe da sanin wannan aiki.

8. AMOSANIN GAƁOƁI

Wani lokaci diddige saƙo ya ke kawowa daga ciwon da ke jiki duka. Saurayin da diddigensa biyu ke ciwo, ga ƙugu na sandarewa da safe, ko gwiwa ta kumbura, ko ido ya yi ja, musamman makonni kaɗan bayan atuni ko ciwon sanyi, ya faɗa wa likita duka ba ɓoye-ɓoye. Irin wannan sai an bi tushensa.

9. YADDA ZA KA BAMBANCE

Ka tambayi kanka abu huɗu. Yaushe ya fi zafi? In takun farko na safe ne, tsirkiya ce. In tafiya ke ƙara shi, a tuhumi matashi ko ƙashi. In da dare ne kana kwance, a tuhumi jijiyar ji ko ƙwayar cuta. A ina ya ke? Gefen ciki na tsirkiya ne, tsakiya na matashi, gefe biyu na ƙashi. Wane iri ne? Suka dabam, raɗaɗi da tsira dabam. Me ido ke gani? Gajiyar tsirkiya ba ta nuna kome a waje. Kumburi da ja da ruwa da gyambo na wani abu ne.

10. ABIN DA ZA KA YI A GIDA

Wannan sashe don mai gajiyar tsirkiya ne. Albishirinka, kamar tara cikin goma su kan warke ba tare da an yi musu aiki ba. Sai dai abin na ɗaukar watanni, wani har shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

(a) Miƙar da tsirkiya. Kafin ka sa ƙafa ƙasa da safe, zauna bakin gado, ka ɗora ƙafar mai ciwo bisa ɗaya gwiwar, ka kama yatsun duka ka jawo su wajen ƙwauri, kamar yadda su ke lanƙwashewa a sujada, har ka ji tafin ya miƙe. Ka ƙirga goma, ka saki. Ka yi haka sau goma, sau uku a yini. A 2003 waɗansu likitoci a garin Rochester na Amurka sun gwada wannan dabara a kan masu ciwo 101, bayan mako 8 suka ga ta fi miƙar da agara kaɗai amfani.

(b) Miƙar da sha-raɓa. Dafa bango da hannu biyu, ka mai da ƙafar mai ciwo baya, gwiwarta a miƙe, diddige a ƙasa, ka karkata gaba har ka ji ja a sha-raɓa. Ka ƙirga talatin. Ka maimaita sau uku.

(c) Takalmi. Nemi mai kauri da taushi a ƙasa, wanda diddigensa ya ɗan fi gabansa tudu, kamar kambas ko sau-ciki mai kyau. Mai gyaran takalmi na iya yanka maka soso mai ƙarfi ya sa a ciki. Ka sa wa ƙafa biyu, don kada ka karkace. Ajiye takalmin a bakin gado.

(d) Rage abin da ya jawo shi. Kwanciya ba ta da amfani, sassautawa a ke so. Mai shago ya sami kujera, mai daka ta shimfiɗa buhu ko tabarma mai kauri ta tsaya a kai, mai doguwar tafiya ya hau keke ko jaki na ɗan lokaci.

(e) Da maraice ka mirgina kwalbar ruwa mai sanyi a ƙarƙashin tafin ƙafa kamar minti goma.

(f) Mai ƙiba ya yi ƙoƙari ya rage.

11. ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Kada a yi wa diddige tsaga ko sakiya ko lalas da ƙarfe mai zafi. Babu mugun jini a wurin da za a fitar. Tabon da za a bari a wurin taku ya kan zama ciwo na har abada, ga mai ciwon sukari kuwa ƙofar yanke ƙafa ce.

Kada a dimanci haɗe-haɗen ƙwayoyin kashe zafi da a ke saye a kasuwa ko a tasha. Irin su ibuprofen da diclofenac, in an daɗe ana sha, su kan jawo gyambon ciki, su lalata ƙoda. Irin su dexamethasone da prednisolone kuwa su kan ta da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi. In za a sha maganin zafi, ma'aikacin lafiya ya faɗi iri da adadi da kwanaki.

Akwai allurar da likita kan yi a cikin diddige in ciwo ya ƙi ji. Ta kan kawo sauƙi na 'yan makonni, amma in an yawaita ta ta kan narkar da matashin kitse, ko ta tsinke tsirkiyar. Kada ka yarda wanda ba likita ba ya yi maka ita.

12. YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI?

A tafi a ran nan in an ga ɗayan waɗannan: kumburi da ja da zazzaɓi, rauni mai zurfi na ƙusa ko ƙaya, faɗowa daga bisa, kasa taka ƙafa sam, ko wane irin rauni ko canjin launi a ƙafar mai ciwon sukari. A tafi cikin mako in ƙafa ta daina ji, ko ciwo na hana barci, ko akwai kumburi mai tauri da ke girma, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Wanda kuma ya bi shawarwarin sashe na 10 har wata biyu bai ga sauƙi ba, shi ma ya je a sake dubawa.

A fara da ɗakin shan magani mafi kusa, ko a Rimaye mutum ya ke, ko Kafin Soli, ko Yashe, ko Mawashi. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Babban Asibitin Kankiya, inda za a auna sukari a duba ƙafar sosai. Daga nan, in da bukata, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi a Katsina, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni da limamai, da ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Kiwon Lafiya ta Kankiya, su yaɗa wannan bayani, musamman ga waɗanda ba su iya karatu ba. Magidanci kuma in zai yi sayayyar damina, ya sa takalmin gona na kansa da na yaransa cikin lissafi tare da iri da taki. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.

TAMBAYOYI

1. Ƙasusuwa nawa ne a ƙafa, wanne ne mafi girma?

2. Daga ina tsirkiyar ƙafa ta tashi, ina ta ƙare?

3. Don me gajiyar tsirkiya ta fi zafi a takun farko na safe?

4. Faɗi haɗari biyu da ke cikin taka ƙaya.

5. Waɗanne abubuwa ne mai ciwon sukari zai kiyaye game da ƙafarsa?

6. Nuna wa na kusa da kai yadda a ke miƙar da tsirkiya.

7. Kawo alamu uku da za su sa a kai mai ciwon diddige asibiti a ran nan.